Amsar Tambaya: Bashin Karatu da Yankan Albashi

Tambaya: Malam, na karɓi rancen karatu na NELFUND ina ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga shi na sami aikin gwamnati a Katsina. Yaya zan tsira daga yankan albashi?

Amsa: Ya ɗan'uwa, dokar rancen ɗalibai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta hukunta cewa, idan aka cika shekara biyu da gama hidimar ƙasa, za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ba kuɗin ruwa, har bashin ya ƙare, marar aiki kuwa yana da damar neman jinkiri bisa rantsuwa. Tunda Allah Ya hore maka aiki, ka yi tattali ka biya kafin wa'adi, domin bashi amana ce.