Amsar Wasiƙa: Narkewa Iri Biyu a Turancin Ingilishi

Wasiƙar ta fito ne daga wani matashi ɗan unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala, mai tsaron kanti a Bonapriso. Da Faransanci ya yi makaranta, yanzu kuma yana koyon Ingilishi da dare. Tambayarsa ita ce, mene ne bambancin "melt down" da "melt away", tunda ƙamusunsa duk "fondre" ya ce?

"Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau," in ji mai gabatar da shirin da aka aika wa wasiƙar, "kuma amsarta na nan cikin garinku."

Sai ya tura shi wajen masu zubin tukwanen dalma, waɗanda mutanen Duwala ke kira "macocotte". Su tara gwangwanaye da tsofaffin kayan mota na alminiyam, su hura gawayi har zafi ya haura digiri 660, ƙarfe ya zama ruwa. Su kwashe dattin da ya taso, su zuba cikin yashin da aka danne da siffar tukunya. Wannan aikin shi ne "melt down": akwai hannun mutum, akwai wuta, akwai niyyar ƙera wani abu. Ƙarfen bai ɓace ba, kama kawai ya sake. Ya kuma ja kunnensa cewa "melt it down" ake cewa, domin wakilin suna tsakiya yake shiga.

"Melt away" kuwa galibi ba mai sa shi. Ƙanƙarar mai ruwan sanyi ce a babbar kasuwa, tana raguwa har a neme ta a rasa. Ana faɗinsa ga taron da ya watse a hankali, ko fushin da ya huce, ko kuɗi. A nan ya tuna wa dattawa watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, ajiyar 'yan kasuwa da dama ta zagwanye suna ji suna gani.

Bahaushe ma, in ji shi, ya san wannan rabon: maƙeri ya narka dalma, kitse kuwa ya narke.

Saura guda. Idan aka haɗe kalmomin suka zama "meltdown", to masifa ake nufi: narkewar cibiyar tashar nukiliya, kamar ta Fukushima a Japan a 2011, ko rugujewar kasuwannin kuɗi a 2008. Ya roƙi matashin kada ya faɗe ta a gaban mai kanti sai da dalili.