Kafin Ka Canja Boris, Nemo Abin da Ya Kashe Shi

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu haɗa ƙaramin injin CNC na sassaƙa katako don furojet: in injinku ya fara gurnani, ko da'irar da ya yanka ta fito kamar ƙwai, kada ku yi saurin zargin kwamfuta. Mai yiwuwa laifin na boris ne, wanda ke riƙe da doguwar sandar nan mai zare da ke tura kan injin gaba da baya.

Masu ɗorin Aliero ba sa ɗaure ƙafa sai sun laluba sun gano inda ƙashi ya karye. To, mu ma haka za mu yi.

Na farko, kashe wuta, ka raba sandar da motar da ke juya ta, sannan ka murza ta da hannu. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a shinkafa, ƙura ta shiga boris.

Na biyu, kama sandar ka tura, ka jawo. In ta motsa, boris ya saki. In ba ta motsa ba amma kan injin yana wasa, noti ne ya cinye, boris ba ruwansa.

Na uku, cire sandar ka mirgina ta a kan gilashi. In tana tsalle, ta lanƙwashe, kuma ko sabon boris ka sa, ba zai yi ƙarko ba.

Yanzu sai zaɓi. Sanda mai kaurin milimita 8 yawanci boris lamba 608 ake sa mata. Shi kuwa nauyin gefe ya fi ɗauka, turin da ke bin tsawon sanda yana gajiyar da shi. Don haka ƙara masa boris na turi a ɓangaren mota. Sannan duba haruffan jikinsa: ZZ murfin ƙarfe ne, 2RS na roba. Da ƙurar hunturun da muke sha daga Jega har Maiyama, ga garin katako, ai 2RS ya fi.

Wajen sawa, ban da guduma. Danna shi a hankali, a miƙe. Kada ka ɗaure noti tamau, zafi zai yi.

Ku gwada injinku tun yanzu, kafin ranar kare furojet. Ba a fafe gora ranar tafiya.