Yadda Ake Zaɓar Keke Mai Giya Don Hanyoyin Badafi Zuwa Riruwai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya sake samun daraja a kudancin Kano. Mutumin da a da yake tayar da babur don zuwa gonar da ke bayan gari, yanzu sai ya tsaya ya yi lissafi. Sai dai keken da ya cika kasuwa a yau ba baƙin keken nan na iyayenmu ba ne, irin su Raleigh da Phoenix da Hero. Mai giya ne, mai kaurin taya, wanda aka ƙirƙiro don hawan duwatsu. Wasu matasa ne suka fara shi a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, suna gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga tsaunuka. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a 1996 kuma aka shigar da tserensa gasar Olamfik a Atlanta. Wato don wasa aka yi shi, mu kuwa don aiki muke saye. Daga nan duk wani kuskuren saye yake farowa.

Kafin ka taka kasuwa, ka fara tantance hanyar da keken zai riƙa bi. Mutumin Badafi a ƙaramar hukumar Kiru, da zarar ya sauka daga kwalta, burji ne a gabansa, sai yashi a bakin rafi, sai taɓo idan Agusta ta kama, sai ƙura idan hunturu ya shigo. Na Bebeji da ke zirga-zirga wajen madatsar Tiga bai tsira daga wannan ba, haka na Tudun Wada mai ratsa fadamun shinkafa. In ka nausa kudu ka wuce dajin Falgore ka shiga Doguwa, ƙasa sai ta fara tashi, har ka kai duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Can ne giya take biyan kuɗinta. Baƙin keke yana da haƙora 44 ko 46 a gaba, 18 ko 20 a baya, saboda haka duk zagayen feda ɗaya yana tura ka kusan mita 5, ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya kake ko a hawa. Shi ya sa mai shi ke sauka ya tura. Mai giya kuwa, in ka sa sarƙa a ƙaramin faranti mai haƙora 28 a gaba da babba mai 28 a baya, zagaye ɗaya mita 2 ne da ɗan ɗori. Tafiyar ba sauri, amma kana zaune a sirdi har ka ƙure tudun.

Ka kuma tambayi kanka me zai ɗauka. In buhun masara ne za a riƙa ɗora masa ranar kasuwa, ka haƙura da mai giya. Sandar da ke riƙe da ƙafarsa ta baya, musamman a masu araha, ba ta jure irin wannan nauyi, lanƙwashewa take yi ko ta karye. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keken ƙauye mai suna Buffalo don ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, ƙarfe mai nauyi ta zaɓa, da giya ɗaya, da kariyar da ke ɗaukar kilo 100. Kusan baƙin keken namu ta sake ƙerawa. Mai giya na ɗalibi ne, da malamin makaranta, da ma'aikacin asibitin ƙauye, da manomin da fartanya da jarkar ruwa kaɗai zai ɗaure.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci: ka je wurin mai gyaran keken garinku tun kuɗin suna aljihu. Ka duba abin da ya rataye a rumfarsa. Wace taya yake da ita, wane tiyub, wace robar birki, wace sarƙa? Abin da ke rataye a nan shi ne iyakar keken da ya kamata ka saya. Taya mai lamba 26 ita ce aka fi samu. Masu lamba 27.5 da 29 su ne yayi a Turai da Amurka, kuma suna da daɗin tafiya a kan gargada, amma ranar da ƙaya ta yaga maka ɗaya, sai ka shiga mota zuwa Kano neman madadinta. In da hali ma, ka biya mai gyaran kuɗin mota da na yininsa ya raka ka kasuwa.

A Kano, ko a Sabon Gari ko a wurin masu kekunan hannu, kaya iri biyu za ka tarar. Akwai sababbi fil, masu sheƙi, da rubuce-rubuce a jiki, da shokazoba gaba da baya. Akwai kuma na hannu da ake shigowa da su a kwantena, fentinsu ya ƙoƙe, wani ma ba sirdi. Ido zai ja ka wajen na farko. Ka daure. Sabon keke mai araha da aka sa wa shokazoba a tsakiya ya fi nauyi, yana cinye ƙarfin ƙafarka yana lilo da shi, mahaɗarsa tana saurin yin sako-sako, sannan ba shi da wurin ɗaura kariya mai ƙwari. Tsohon keke na kamfanin kirki, irin su Trek ko Giant ko Specialized, wanda bayansa ƙarfe ne zalla, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ko shokazobar gaba ma, in ka danna ta ƙi dawowa ko tana ƙara, gara wanda ba shi da ita sam.

Idan ka ware guda biyu ko uku, sai a fara dubawa, kuma daga gangar jiki ake farawa, domin ita kaɗai ce ba a canzawa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. In ya manne, ƙarfe ne, kuma duk mai walda a Kiru ko Kwanar Dangora zai iya ɗinke shi in ya tsage. In bai manne ba, alminiyom ne: ya fi sauƙin ɗauka, ba ya tsatsa, amma waldarsa sai mai na'ura ta musamman, kuma ko an yi ba lallai ta riƙe ba. Ka goge ƙura ka bi kowace mahaɗa da ido da yatsa, musamman ƙarƙashin wuya, inda bututu biyu suka haɗu da na gaba. Fentin da ya tattare ko ya kumbura a wurin alama ce ta keken ya taɓa yin karo. Ka tsuguna a bayansa ka hango: ƙafar gaba da ta baya su kasance a layi ɗaya. Sabon fenti a kan tsohon keke kuwa, ka tambayi abin da aka rufe.

Sai wuya. Ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a hannunka, boris ɗin wuya ya saki. Ka kama sandar feda ka girgiza ta gefe da gefe, nan ma bai kamata ta motsa ba. Waɗannan gyara ne mai sauƙi, amma ka riƙe su a ranka don lokacin ciniki. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, idonka a kan tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. Ƴar karkata kaɗan mai gyara zai miƙar. In kuwa rim ɗin yana tsalle sama da ƙasa, ko gefensa ya cinye ya yi kwari saboda gogar birki, sabo za ka saya. Ka matsa wayoyin ƙafar bibbiyu, ka ji ko akwai wadda ta saki ko ta tsinke.

A kan giya ake yi wa mai saye wayo. Za a ce maka wannan mai 21 ne, wancan mai 24, kamar yawan shi ne ƙarfin. Faranti uku ne a gaba, bakwai ko takwas a baya, aka ninka, kuma da yawa a ciki maimaita juna suke yi. Abin dubawa shi ne girman farantin baya mafi girma, da lafiyar ƴar na'urar da ke sauya sarƙar. In ta Shimano ce ta Japan, ko ƙaramin aji irin Tourney ko Altus, madalla, sai dai ka lura akwai jabu masu kwaikwayon sunan da canjin harafi ɗaya. Ka leƙa ta daga baya, ta sauko a miƙe, kada ta karkata wajen wayoyi, domin ranar da ta faɗa cikinsu, da ita da wayoyin duk sun tafi. Haƙoran faranti in sun yi tsini sun lanƙwasa gefe ɗaya kamar ƙayar sarƙaƙiya, sun gama aiki.

Sarƙa tana da awo, kuma tef ɗin tela ya isa. Daga tsakiyar ƙusa ɗaya, a sabuwar sarƙa, inci 12 yana faɗawa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato wajen milimita 3, sarƙar ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta riga ta cinye farantan baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tsalle take yi, saboda haka ka sa kuɗin duka biyun a lissafi.

Birki kuma, mai roba da waya shi ne na mutumin karkara. Gaskiya ne mai faifai ya fi kamawa a cikin taɓo da gangara irin ta Riruwai, amma in mai aiki da mai ne, ranar da iska ta shiga bututunsa ba kowane mai gyara ke da kayan fitar da ita ba. Bawul ma ka duba: mai kauri irin na babur kowane mai faci zai ba shi iska, siririn nan mai ɗan murfi a kai sai da mahaɗi na daban.

Kada ka biya ba ka hau ba. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai tazarar yatsu uku ko fiye tsakaninka da sandar sama. Ka zauna ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai, wannan ne tsayin sirdinka. In sai an zaro sandar sirdin ta wuce layin da aka zana mata kafin ta kai, keken ya yi maka kaɗan. Ka zagaya da shi, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana taka feda, ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi ka ji ko sarƙa za ta zame.

Wajen ciniki, abin da ka gano shi ne makaminka. Ba sai ka kushe kayan mutum ba. "Alhaji, keken ya yi, amma sarƙa da tayar baya sai an canza, a duba mini." In ya ce albarka, ka ƙara kaɗan ko ka leƙa rumfar gaba. Duk yadda aka yi, kada ka zuba kuɗinka duka a kan keken, ka rage na gyara. In an sallama, a rubuta maka rasit da lambar da aka buga a ƙarƙashin gangar jiki, wajen mazaunin feda. Na hannun da aka kawo maka gida da araha mai ban mamaki, ba dillali ba shaida, ka bar shi inda ka gan shi.

Daga kasuwa, wurin mai gyara za a wuce, ko da keken sabo ne. A kwance ƙafafu da wuya da mazaunin feda, a wanke boris, a cika giris, domin masu araha da ɗan kaɗan suke zuwa. Wanda zai kwance feda ya tuna ta hagu a juye take ɗaurewa. A sa kariya, a sa abin tare taɓo, a sa ƙararrawa. Hanyoyinmu cike suke da tsaida da ƙayar bagaruwa, don haka wasu kan yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi a cikin taya kafin a sa sabon, yana ƙara nauyi kaɗan amma yana rage zuwa wurin mai faci. Iska kuma a bi adadin da aka rubuta a gefen tayar, a rage kaɗan in hanyar yashi ce. Kuma tunda mai giya ba shi da gidan sarƙa, mai doguwar riga ya tattare ta, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama.

Baƙin man inji da ake zuba wa sarƙa yana kama ƙurar hunturu ya zama abin da ke cin ƙarfe. Man keken ɗinki ya fi, ɗigo-ɗigo, sannan a goge na waje da tsumma. Rafin da ruwansa ya kai cibiyar ƙafa, a saɓa keken a kafaɗa a haye.

Idan kyauta ce za a yi, ga yaron da ya sauke Alƙur'ani ko ya ci jarrabawar shiga sakandare, iyaye kan sayi babba wai zai girma ya same shi. Kafin ya girma ya sha faɗuwa, kuma yatsunsa ba sa kai wa birki. Ɗan shekara bakwai ko takwas taya 20 ce tasa, ɗan goma zuwa sha biyu 24, daga nan sai 26, kuma tsayin yaro ya fi shekarunsa faɗin gaskiya. In ba a so ya sani, a auna daga ƙasa zuwa cinyarsa da sunan za a kai ɗinki. Ga yarinya a nemi mai saukakkiyar sanda, a sa raga a gefen ƙafar baya saboda hijabi. In makarantar a shimfiɗaɗɗiyar hanya take, mai giya shida ko bakwai a baya kawai ya wadatar, wayoyi sun ragu, abin lalacewa ya ragu. Wanda kuma ba shi da ƙarfin sayen keke sukutum, kawu ne ko gwaggo, yana iya haɗa wa yaron famfon hannu, da kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, da fitilar gaba mai caji da jar fitilar baya don dawowa daga islamiyyar dare, da hular kwano in zai riƙa hawa kwalta, da ƴar jaka mai ɗauke da faci, sholisho, da sifana lamba 15 ta kwance ƙafa.