Garin 'Ya'yan Alayyafo a Kunun Jarirai

Ya kai mai karatu, ka sani cewa a cikin amanonin da Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora a wuyan iyaye, da wuya a sami wadda sakaci ke saurin tozartawa kamar ciyar da yaro tun daga wata shida har zuwa yaye, domin a wannan tsakanin ne nonon uwa, duk da albarkar da ke cikinsa, yake fara gazawa ga jikin da ke ta girma, alhali kuwa tumbin yaron bai wuce dunƙulen hannunsa da wani abin kirki ba, sai ya zama wajibi duk ɗan abin da zai shiga ciki ya kasance mai fa'ida. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar bai saɓa wa wannan ba: nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sa'an nan a shigo da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

To, wane abinci muke shigowa da shi? Galibi koko ne ko kunu tsararo, wanda aka jiƙa hatsinsa, aka niƙa, aka tace, aka zuba wa awaki dusar, sa'an nan aka tsinka shi da ruwa don ya wuce maƙogwaro da sauƙi. Yaro ya sha, ciki ya yi tim, uwa ta yi hamdala, amma bilhaƙiƙa mafi yawan abin da ya sha ruwa ne. Bayan 'yan watanni sai a ga ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaron da ke ɓaɓɓaka dariya ya koma ba ya son ko a taɓa shi. Wani ya ce mayu ne, wata ta ce ya sha nonon ciki. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta bayyana wannan cuta a 1933 a Ankara ta ƙasar Gana, a jikin yaran da aka yaye da kunun masara kaɗai, cutar ce likitoci ke kira kwashiyoko, mu kuma muke haɗa ta da sauran ire-iren tamowa.

A nan ne alayyafo ya shigo. Mu dai ganyensa muka sani, na miyar taushe da kwaɗo da fate, 'ya'yansa kuwa ba ma ajiye su sai don iri. Amma mutanen Meksiko na dauri, wato Aztek, sun riƙe waɗannan 'ya'ya a matsayin hatsi kamar masara da wake, har ana biyan haraji da su, kafin Sifaniyawa su ci ƙasar a 1521 su danne nomansa saboda yadda ya shiga cikin bautar gumakansu. A Indiya har yau ana cin sa, a Kenya da Uganda kuma ana noma shi musamman don a niƙa a zuba cikin kunun yara.

Hikimar abin ita ce, masana sun auna sun tarar da sinadarin gina jiki kimanin kashi 14 cikin 100 a 'ya'yan alayyafo, alhali na masara bai fi kashi 9 ba. Ba ma yawan ne ya fi muhimmanci ba, a'a, ingancin ne: akwai wani ɓangare na wannan sinadari mai suna laisin, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa, wanda gero da dawa da masara duk suka yi ƙarancinsa, shi kuwa alayyafo yana da shi a wadace, ta yadda idan an gauraya su sai ɗaya ya cike gurbin ɗaya. Yana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da na ƙarfafa ƙashi ninkin abin da ke cikin masara ko shinkafa sau da yawa.

Amma fa ana yin abin da ƙa'ida. Sharaɗi na farko, kuma kada a yi wasa da shi, shi ne kada a kuskura a ciyar da yaro irin shuka da ake sayarwa cikin fakiti ko ƙulli a kasuwa, domin sau da yawa an cuɗa shi da maganin ƙwari, guba ce tsantsa. Wanda za a ci shi ne wanda aka noma don ci, kuma mai farin ƙwaya ya fi baƙin nan na alayyafon lambu taushi da daɗi. Malamin gona zai iya nuna inda ake samunsa, in an shuka shi kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake nuna. In an yanke zangarniyar an shanya an bubbuge, sai a bakace a faifai, a kuma rege shi a ƙwarya da haƙuri, don ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, yashi yana ɓuya a cikinta. Idan ya bushe sai a ɗora kasko babu mai, a bari ya yi zafi sosai, a zuba cokali guda a rufe ana girgizawa. Kafin ka ƙirga goma za ka ji yana tas-tas, ka buɗe ka tarar ya fashe ya yi fari fat, yana ƙamshi. In ya yi baƙi bai fashe ba, kaskon bai yi zafi ba ne. Wannan suya ba don marmari ba ce, domin ɗanyen yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana hanji cin moriyar abinci, wuta ce ke karya ƙarfinsu. Daga nan a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, a adana a mazubi mai murfi, kada kuma a niƙa fiye da na mako biyu, don garin yana da maiƙo, yakan canja wari.

Shi kaɗai yana da danƙo da ɗan warin ƙasa, yara ba su cika son sa ba, saboda haka a sa awo ɗaya nasa cikin awo uku na gero, a ƙara ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ba ta yi fumfuna ba, a dafa a kan wuta har ya nuna, kada a tsaya ga zuba tafasasshen ruwa kawai. Mizanin kaurinsa shi ne, in an karkata cokali kada ya zube nan take. Ɗan wata shida a fara masa da cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a yini. Daga wata tara a kai sau uku ko huɗu, kimanin rabin kofi kowane zama. A kwanakin farko a lura ko ƙuraje ko amai za su biyo baya. Ba a sa zuma sai ya cika shekara, gishiri da sukari kuma ba shi da bukatarsu. A bi kunun da ɗan ruwan lemon zaƙi ko gwanda, domin suna taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen. Ɗura kuwa, wato a danne yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, a bar ta har abada. Sau nawa kunun ya bi hanyar numfashi ya zama ajali.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan gari ya mai da shi maganin kowace cuta, irin yadda masu tallar magani a tasha suke yi. Ba ya maye gurbin nono, ba ya maye gurbin ƙwai da kifi da hanta, ko da yake har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai don kada ya tashi ɓarawo, maganar da ba ta da asali a shari'a ko a hankali. Nauyin ciyarwa kuwa shari'a a kan uba ta aza shi, don haka maigida, kai ne za ka ware kunya biyu a bayan gida ka shuka, ka kuma biya kuɗin niƙa. Wanda kuma ya riga ya ga kumburi a ƙafar ɗansa, ya danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, to, wannan ya wuce batun kunu, ya ɗauke shi zuwa asibiti yau, kada ya jira gobe.