Ɓarayin Rasha na Cikin Fim, da Gaske Akwai Su?

Wannan saƙo ya fito ne daga wani manomi a Dambatta. Yana cewa kullum aka taso daga gona, ɗansa na kan waya yana kallon fina-finan 'yan daban Rasha masu zane a jiki. Shin da gaske akwai su?

To Malam, mun gode. Akwai su. Su ne ake kira "vory v zakone", wato ɓarayi masu dokar kansu. A gidajen yarin Tarayyar Sobiyet suka yi ƙarfi, zamanin Stalin, kuma zanen jikin nan shi ke nuna muƙamin mutum a cikinsu. Da Sobiyet ta rushe a 1991, sai suka bazu cikin kasuwanci, har ƙetare.

Amma harbe-harben fim irin John Wick, wannan shirin masu fim ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ƙawata ɗan daba ya zama gwarzo, alhali mu a Kano mun san kukan da daba ke jawowa gidaje. Malam, ka zauna ku kalla tare da yaron, ka tambaye shi wa ya burge shi.