Tsatsar Tankin Mai: Asarar da Za a Iya Kauce Mata

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, masu ƙananan janareto da injinan ban-ruwa kan sayi mai kaɗan-kaɗan, tanki bai cika ba. Danshin da ke taruwa a ciki shi ke jawo tsatsa, ita kuwa ta toshe kabureta, sana'a ta tsaya.

Maganin ba wuya. A kwance tankin, a tsiyaye man nesa da wuta. A zuba tsakuwa da kananzir, a girgiza, a juye. A wanke da sabulu, a jiƙa cikinsa da ruwan khal kwana guda, sannan a ɗauraye da ruwan kanwa domin kashe tsamin. Da zarar ya bushe a rana, a cika shi da mai.

Kuɗin khal bai kai na sabon tanki ba.