Kafin Ka Fasa Salansar Babur Ɗinka

Idan ka tsaya a bakin hanya a Dogon Daji ranar kasuwa, za ka ji babura iri biyu. Akwai mai wucewa a natse, ɗauke da buhun gero ko fasinja. Akwai kuma wanda tun yana nesa ƙararsa ta cika gari. Sau da yawa kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Bambancin yana wurin salansa, wato bututun da ke fitar da hayaƙi.

Wasu samari sukan cire salansar asali su saka ta kasuwa mai faɗin baki. Wasu sukan kai wa mai walda ya yanka ta, ya zare kayan cikinta, ya like. Wani kuwa ba yayi yake bi ba. Tasa ce ta yi tsatsa ta huje, sai ya sayi mai araha da ya samu. Dukkansu sukan hau babur su tafi, ba wanda ya taɓa kafireta. A nan matsalar take.

Yadda inji yake cin abinci

Galibin baburanmu ƙanana ne, irin su Bajaj Boxer na ƙasar Indiya da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin. Injinsu ba fetur kaɗai yake ƙonawa ba. Yana haɗa fetur da iska. Idan aka auna da nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana buƙatar kusan kashi 15 na iska. Kafireta ce ke yin wannan haɗi.

Iska tana shiga ta matata, wadda soso ko takarda ke cikinta. Ta wuce kafireta ta ɗebi fetur. Su shiga inji, fulogi ya ba da wuta, fistan ya motsa. Hayaƙi ya fita ta bawul, ya bi salansa. Hanya ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Masu ƙera babur sun auna matata da kafireta da salansa tare, don su dace da juna.

To, idan ka zare cikin salansa, hayaƙi zai fita da sauƙi fiye da yadda aka tsara. Inji zai iya jawo iska fiye da da. Amma ƙofar fetur tana nan yadda take. Sai iska ta rinjayi mai.

Ka taɓa tsayawa a maƙera? Gawayi ɗaya ne, amma da yaro ya ƙara zuga zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Haka cikin inji yake idan iska ta yi yawa. Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: fetur yana taimakawa wajen sanyaya cikin inji. Idan ya yi ƙaranci, zafi zai hau kan bawul da fistan.

Waɗannan babura ba su da lagireto irin na mota. Iskar hanya ce kawai ke sanyaya su. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ga lodi, ga rairayi a hanyoyin ƙauyukan Kebbe, inda babur ke tafiya a hankali cikin ƙaramar giya yana nishi. Injin da ke wannan wahala ba ya buƙatar ƙarin zafi.

Abu uku da kan haɗu

Gaskiya ita ce, canza salansa kaɗai ba kullum yake kashe inji ba. Idan sabuwar ta yi kusa da ta asali, kuma kayan cikinta suna nan, canjin kaɗan ne. Abin da ke kashe babura a wurinmu shi ne taruwar abubuwa.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, fetur ya yi tsada ƙwarai. 'Yan kabu-kabu da yawa sun je wajen makanikai sun ce a rage wa babur shan mai. Bakanike ya murɗa sukurun kafireta, ko ya saka ƙaramin jet, wato ƙofar fetur. Babur ya riga ya koma kan gaɓa ke nan. Sannan hunturu ya zo da ƙura, soson matata ya toshe. Maimakon a wanke shi, sai a cire a yar. Iska ta ƙaru, ƙura kuma ta samu hanyar shiga ta ci ringin fistan. A kan wannan ne kuma za a je a fasa salansa. Ranar da inji ya buga, sai ka ji ana cewa babur ɗin ne ba shi da kyau, ko baƙin man jabu ne. Ba a tuna sauran.

Alamomin da za ka lura da su

Babur yana faɗa wa mai shi halin da yake ciki tun kafin ya lalace. Idan ka saki totur sai ka ji tas-tas-tas a salansa, ka bincika. Ko dai mai ya yi ƙaranci, ko iska na shiga ta mahaɗar salansa da kan inji, inda gasket yake. Idan ka murɗa totur babur ya yi jinkiri kafin ya ɗauka, wannan ma alama ce. Haka idan wuyan salansa ya koma shuɗi cikin ɗan lokaci, ko zafin inji yana dukan ƙafarka fiye da yadda ka saba. Idan inji ya yi ɗumi amma ya fi tafiya daidai in ka ja cok, to mai yake nema.

Amma babban mai ba da shaida shi ne fulogi. Ka yi tafiya mai ɗan nisa, misali daga Dogon Daji zuwa Tambuwal. Ka kashe babur, ka bari ya huce, sannan a kwance fulogi. Dubi bakinsa. Idan ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, haɗin ya yi daidai. Idan fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji yana ƙonewa. Idan baƙi ne mai toka, mai ya yi yawa ko matata ta toshe. Kada ka kwance fulogi inji yana da zafi, don za ka iya lalata zaren.

Abin da bakanike zai yi

A cikin kafireta akwai wurare uku da ake gyarawa. Sukurun salo yana daidaita haɗin idan babur yana tsaye ko yana tafiya a hankali. Allura tana aiki a tsakiyar totur, kuma a wasu kafiretoci akan ɗaga ta don mai ya ƙaru. Babban jet shi ke ba da mai idan an murɗa totur duka. Akwai lamba a jikinsa, kuma mai babbar lamba ya fi ba da mai. Bakanike nagari ba ya tsallake lamba da yawa. Yakan ƙara kaɗan, a gwada, a sake duba fulogi.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce wa bakanikensa, "Maigida, in ka ƙara jet ai mai zai ƙara tafiya."

Bakanike ya ce, "Ƙwarai kuwa, ɗana. Kai ka buɗe masa baki, dole ka ba shi abinci. In ba ka iya ciyar da shi, mayar da salansarsa."

Maganar bakaniken gaskiya ce. Faffaɗar salansa ba ta rage shan mai. A ƙaramin inji irin na Boxer, ƙarfin da take ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ma ƙarfin tashi da lodi raguwa yake yi. Ƙarar ce ke ruɗin kunne, mutum ya ɗauka gudu yake.

Babura marasa kafireta

Akwai sababbin babura da ba su da kafireta sam. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna man da za a fesa wa inji, bisa lissafin da kamfani ya rubuta a cikinta. A Indiya, tun da sabuwar dokar hayaƙi ta fara aiki a watan Afrilu na 2020, yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can sun koma irin wannan. Da yawansu suna da wata na'ura a jikin salansa mai shinshinar hayaƙi. Tana taimaka wa kwamfuta ta gyara haɗin, amma gyaran yana da iyaka. Idan sabuwar salansa ba ta da gurbin wannan na'ura, babur zai rikice. Sukundireba ba ta gyara irin wannan, sai mai na'urar sake lissafin. Idan irinsa ya zo hannunka, bar masa salansarsa.

Kunne da maƙwabta

Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, idan mutum yana cikinta awa 8 a kullum, tana rage ji a hankali. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ɗan kabu-kabu yini yake a kan babur, shi ne farkon wanda zai cutu.

Sannan ka duba halin da ake ciki. A wannan zamani na 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka da kunne ɗaya suke barci. Babur mai tas-tas da tsakar dare yana iya tayar da unguwa guda, mata su kwashi yara su yi daji. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma haƙƙin maƙwabci ne.

Idan salansarka ta huje, nemi irin ta asali, a saka sabon gasket, a ɗaure da kyau. Idan kuwa ka riga ka fasa taka, kai babur wajen bakanike cikin wannan mako. Ka ce a wanke soson matata a mayar, sannan a kwance fulogi a gabanka, ka ga launinsa da idonka.